Daren da Muka Rusuna wa Ƙofar Kicin

A Penedo, bakin kogi, bayan kasuwar kifi,
akwai wani tsohon sito da ya taɓa ɗaukar buhunan sukari.
Shekara ashirin da shida ke nan
yara na shiga da ƙura a ƙafa,
suna fita da ɗamarar judo a ƙugu.

A can na koyi faɗuwa.
Wata uku cur Aldenor bai nuna mini yadda ake ka da kowa ba.
"Faɗi," in ji shi. Na faɗi.
"Sake." Na sake.
"Mari ƙasa da tafinka kafin ta mare ka,
haɓa a ƙirji, ka tsare ƙeya."
Da rana birkin bas yake gyarawa,
da yamma ya iso da baƙin mai a ƙarƙashin farce,
ya ɗaura ɗamarar da baƙinta ya koɗe ya koma toka.
Ko sisi ba a biyansa.
Gwiwarsa ta hagu kan yi kukan tsohuwar ƙofa
in ya durƙusa zai gyara wa ƙaramin yaro ƙulli.

Daren Asabar aka ce za a karrama su.
Muka naɗe katifu, saura ɗaya,
muka aro kujeru daga coci.
Fanka guda ce, ita ma sai an zungure ta da sanda.

Aka kira Jurandir, alƙalin wasa.
Kowa na tuna ranar da babu alƙali sai shi,
ɗansa na cikinsa ya yi riƙon da doka ta hana,
ya miƙa hannu ya ba ɗan wani nasara.
Kwana tara ana cin abinci a gidansa ba magana.
Yau ɗan ne ya miƙa masa allon yabo,
ya riƙe hannun nan, ya ƙi saki.

Aka kira Cleonice mai sikeli da agogo.
Ta san yaron da ya rage nauyi don gasa,
ta san wanda ya rage don tukunyar gidansu ba ta hau wuta ba.
Na biyun, sai ya isa gida
yake tarar da burodi a cikin jakarsa.
Har yau tana cewa ba ta san wanda ke sakawa ba.

Genivaldo direba bai zo ba,
yana can yana mayar da 'yan ƙauye gida kafin dare ya tsala.
Muka tafa wa kujerarsa.

Da aka kira Aldenor ya tsaya, ya dube mu,
muka yi tsit muna jiran jawabi.
Ya ce, "Kai na gaba, takalminka na kan katifa."
Jawabin ke nan.

Sai sunan ƙarshe: Zuleide.
Shiru.
Zuleide, wadda ta ɗinke kowace rigar da ta yage a wuya,
ta wanke jinin hanci da ruwan sanyi da gishiri,
ba ta taɓa kallon wasa ko ɗaya ba,
wai zuciyarta ba ta jure ganin an ka da ɗan mutane.
Sau uku aka kira.
Tana kicin, wake na tafasa, ba ta ji ba.

Ban san wanda ya fara tashi ba.
Muka jeru kamar yadda aka koya mana,
manyan ɗamara a dama, farare a hagu,
iyaye a baya, ba su san inda za su sa hannuwa ba.
Aldenor ya ba da murya,
muka rusuna wa ƙofar kicin gaba ɗaya.

Ta leƙo, ludayi a hannu, gumi a goshi,
ta ga ƙeyoyi sun fi sittin.
Ta ce, "Lafiya? Gishirin ne ya yi yawa?"

Ran Litinin na riga kowa zuwa, na shimfiɗa katifu.
Wata yarinya ta shigo, rigar aro har gwiwa,
ɗinkin Zuleide a wuyanta.
Na durƙusa na gyara mata ƙulli,
na ce, "Faɗi."